Sharhi Kan Gangar Naɗe Wayar Wuta Mai Mita 50 a Aikin Fim

Gangar da wannan sharhi ya shafa ita ce irin wadda aka saba gani a hannun masu aikin gini da masu gyaran gidaje: ganga ta roba mai tauri a kan firam na ƙarfe, an naɗe mata wayar wuta mai tsawon mita 50, a fuskarta akwai soket huɗu masu murfi, da ɗan mariƙin juyawa, da wani jan maɓalli ƙarami wanda mutane da yawa ba sa kula da shi sai ranar da wuta ta ɗauke musu. Kamfanoni da dama ne suke ƙera ta, kuma tsarin nasu kusan ɗaya ne, saboda haka abin da zan faɗa ya hau kan yawancin waɗanda mai karatu zai ci karo da su. Ba don aikin fim aka yi ta ba, amma ƙananan ƙungiyoyin ɗaukar fim da bidiyo sun rungume ta hannu biyu, domin tana alkawarin raba su da aikin da kowa yake gudu idan an tashi daga lokeshan, wato naɗe waya.

Wadda na yi aiki da ita tana ɗauke da waya mai lamba H07RN-F 3G1.5, kuma wannan lamba, wadda ake bugawa a jikin wayar kanta, ta fi duk wani zane da ke jikin kwali muhimmanci. Ma'anarta ita ce rigar wayar ta roba ce mai laushi wadda take jure mai da danshi da ja a ƙasa, a cikinta akwai silin jan ƙarfe uku, ɗaya daga ciki na kariya ne wanda ake haɗawa da ƙasa, kuma kaurin kowane sili murabba'in milimita 1.5 ne. Gangunan da suka fi araha suna zuwa da waya mai lamba H05VV-F, mai rigar PVC, wadda take sandarewa idan ta ji sanyi, take kuma riƙe lanƙwasar gangar ko bayan an warware ta, sai ka ga ta miƙe a ƙasa tana tudu da kwari maimakon ta kwanta. A wurin da 'yan wasa da ma'aikata suke kai da kawowa, wani lokaci a cikin duhu, wayar da ba ta kwanciya tarko ce, don haka duk wanda zai sayi ganga saboda aikin fim ya fara neman mai wayar roba kafin ya dubi komai.

Abin da gangar ta iya, ta iya shi sosai. Mutum ɗaya zai soka fulogi a tushen wuta, ya ɗauki gangar ya yi tafiyarsa, waya tana warwaruwa a bayansa a miƙe, ba ƙulli ba murɗiya, kuma idan an gama ya juya mariƙi ya tattara mita 50 cikin ɗan lokacin da ba zai ishi mai naɗewa da hannu ya kai rabi ba. Dalilin da ya sa waya ba ta murɗewa a ganga shi ne gangar ce take juyawa, wayar kuwa tana shiga ne kai tsaye kamar yadda ta fito daga masana'anta. Wannan yana nufin ko sabon ma'aikaci da bai taɓa koyon naɗi ba, yana iya tattara ta ba tare da ya lalata ta ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙungiyar da kullum take ɗaukar sababbin hannaye. A cikin mota ma tana zaune wuri ɗaya, ba ta shiga cikin sauran kaya ta sarƙe su. Soket huɗun da ke jikinta kuma sun mayar da ita ƙaramar tashar rarraba wuta, inda za a jona cajar batiran kyamara, da allon kallon darakta, da kwamfutar da ake kwafe katunan hoto a kanta.

Matsalar tana farawa ne daga wata 'yar takarda da aka manna a gefen gangar, wadda take ɗauke da lambobi biyu. Ta farko tana cewa idan wayar tana naɗe kada a ɗora mata fiye da wat 1000 ko kusa da haka, ta biyu kuma tana cewa idan an warware ta gaba ɗaya za ta ɗauki wat 3000 da ɗoriya a wutar bolt 230. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu ita ce ainihin labarin wannan kaya, kuma ya kamata mai aikin haske ya fahimci daga ina ta fito. Kowace waya tana yi wa wutar da ke bin ta turjiya, kuma turjiyar tana koma wa zafi. Sili mai laushi na murabba'in milimita 1.5 yana da turjiyar da ta kai kimanin om 13.3 (om shi ne ma'aunin turjiya) a kowace kilomita, kuma tun da wuta tana zuwa ne ta sili ɗaya ta komo ta wani, ganga mai mita 50 tana da hanyar mita 100 ke nan, wato kimanin om 1.33. Zafin da ake samu kuwa yana tafiya ne da ninkin ƙarfin wutar sau kansa, ta yadda idan aka ninka kaya sau biyu zafi yakan ninka sau huɗu.

A ɗauki fitilun tungsten, masu zaren ƙarfe da ke yin zafi ya ba da haske, waɗanda har yanzu suke cike da akwatunan masu haske. Fitila mai wat 800 tana jan amfiya 3.5 ko kusa da haka (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bin waya), kuma zafin da za ta haifar a cikin wayar gaba ɗaya kimanin wat 16 ne kawai, abin da gangar za ta shanye ko tana naɗe. Idan aka jona biyu, zafin ya haura wat 60. Idan kuwa fitila mai wat 2000 ce, wadda take jan amfiya 8.7, zafin ya kai wat 100, kuma idan aka matsa wa gangar har amfiya 13 zai wuce wat 220. Wat 100 da aka baza a kan tsawon mita 50 a fili ba komai ba ne, iska za ta kwashe shi, da ƙyar ma hannu zai ji ɗuminsa. Amma wat 100 a cikin naɗi mai hawa bakwai ko takwas daidai yake da a kunna tsohon ƙwan fitila mai wat 100 a lulluɓe shi da roba, a bar shi awa uku ana ɗaukar fim. Hawan da ke can ciki shi ne yake fara yin laushi, kuma shi ne wanda ido ba ya gani.

Akwai wani bayani da ya yaɗu a tsakanin ma'aikata cewa naɗaɗɗiyar waya tana zafi ne domin ta zama maganaɗisu, kamar naɗin da ke cikin taransifoma. Wannan bayani bai dace da wayar ekstenshan ba, domin silin da ke kai wuta da wanda ke dawo da ita suna kwance ne kafaɗa da kafaɗa a cikin riga ɗaya, wutar tana tafiya a cikinsu ta fuskoki masu saɓani, sai tasirin maganaɗisun ɗaya ya kashe na ɗaya. Abin da ke faruwa kawai shi ne zafi ya rasa hanyar fita. Na tsaya a kan wannan ne domin wanda ya ɗauka maganaɗisu ne matsalar yakan zaci ya kuɓuta idan ya zare wayar daga ganga ya tara ta tsibi guda a kusurwar ɗaki, alhali tsibin ma yana riƙe zafi, ko da bai kai na gangar ba.

Jan maɓallin nan da na ambata shi ne mai gadin zafi, kuma ƙa'idar IEC 61242 da ta shafi gangunan waya na gida da makamantansu ta yi tanadin irin wannan kariya. Idan cikin gangar ya yi zafi fiye da kima sai ya yanke wuta, kuma ba ya yarda a mayar da shi sai ya huce. A matsayinsa na abin kare rai da dukiya ba ni da abin cewa sai yabo, kuma ba zan shawarci kowa ya sayi gangar da ba ta da shi ba. Sai dai a wurin ɗaukar fim yankewar tasa tana da tsada, domin ba ya gargaɗi kuma ba ya zaɓen lokaci: yana iya ɗauke babbar fitila a tsakiyar fitowar da ɗan wasa ya daɗe yana neman yanayinta, sannan kowa ya tsaya ana warware waya ana jiran roba ta huce. Idan kwamfutar kwafe hotuna tana kan gangar da fitilar take, to an haɗa asara biyu a maɓalli ɗaya, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin raba layin fitilu da layin na'urori.

Ko an warware ta duka, siririyar waya mai wannan tsawo tana cin wani abu daga ƙarfin wutar. A amfiya 8.7 ana rasa kimanin bolt 11 zuwa 12 kafin wuta ta isa fitila, a amfiya 13 kuma kimanin bolt 17, wato fiye da kashi 7 cikin ɗari na bolt 230. Fitilar tungsten da aka ƙera ta ba da haske mai launin kelbin 3200 (kelbin shi ne ma'aunin launin haske) takan rage haske ta kuma karkata zuwa ja idan wuta ta ragu, kuma mai ɗaukar hoto mai kula zai ga bambanci tsakaninta da 'yar'uwarta da ke kusa da tushen wuta. Fitilun LED ba su da wannan larura sosai, domin na'urar da ke cikinsu tana daidaita wutar da ta shigo, kuma ba su da ci: SkyPanel S60 ta kamfanin ARRI ba ta kai wat 500 ba, Aputure 600d kuma tana tsayawa a wajen wat 720. A gaskiya sauyin da aka samu zuwa LED shi ne ya ba wannan ganga gurbi a aikin fim, domin a zamanin da tungsten kaɗai ake da ita babu mai hasken kirki da zai dube ta. A ƙasashen da ke amfani da bolt 120, irin su Amurka, lissafin ya fi tsanani, tun da fitila mai wat iri ɗaya tana jan kusan ninki biyu na amfiya, shi ya sa wayoyin lokeshan a can suke da kauri, yawanci lamba 12 a ma'auninsu, wadda ta haura murabba'in milimita 3.

Idan dole ne a warware mita 50 duka kafin a jona babbar fitila, ko da tazarar da ake bukata mita 12 ce, to sauƙin da aka saya ya ragu da yawa, domin ragowar mita 38 tana bukatar wurin kwanciya. Hanyar da ta dace ita ce a shimfiɗa ta a ƙasa cikin siffar lamba 8 mai faɗi, ta yadda iska za ta ratsa kuma ba za ta sarƙe ba idan an ja. Wajibi ne kuma a bar gangar ta juya yayin warwarewa. Masu gaggawa sukan kwantar da ita su riƙa zare wayar ta gefe, zagaye bayan zagaye, kuma kowane zagaye da aka zare ta haka yana sa wa wayar murɗiya guda cikakkiya, har a wayi gari an mayar da ita abin da aka sayi gangar domin a guje masa.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da sai an yi aiki da ita ake lura da su. Soket ɗin suna jikin gangar ne, suna juyawa tare da ita, saboda haka ba za a iya ƙara ko rage tsawon waya ba sai an cire duk abin da aka jona, in ba haka ba wayoyin na'urorin su nannaɗe juna. Akwai samfurin da tsakiyarsa ba ya juyawa, kuma ya cancanci ƙarin kuɗin da ake ɗora masa. Nauyinta ya doshi kilo 10, tana ƙara idan ana juya ta, wanda ke nufin ba a taɓa ta muddin ana ɗaukar sauti, kuma girmanta ya sa ɓoye ta a bayan kujera ko labule yana da wuya idan kyamara za ta dubi ɗakin duka. Alamar IP44 da ke jikinta tana nufin kariya daga fantsamar ruwa kawai, ba daga zama cikin ruwa ba, kuma kariyar tana aiki ne idan murafen suna rufe ko kuma fulogin da aka soka shi ma na wannan mataki ne.

Ba za a iya yanke wa gangar hukunci ba sai an auna ta da abin da manyan ƙungiyoyin fim suke amfani da shi, wato wayoyin roba sake-sake masu tsawo daban-daban, mita 5 da mita 10 da mita 20, kowace a naɗe da hannu an ɗaure ta da igiyarta. Mai haske yana ɗaukar daidai tsawon da yake bukata, babu ragowar da za ta tara zafi, kuma idan guda ta lalace sai a ajiye ta a ɗauki wata, saɓanin ganga wadda yanka ɗaya a tsakiyar wayarta yake tsayar da mita 50 gaba ɗaya. Farashin wannan tsari shi ne dole kowa a ƙungiyar ya iya naɗi, kuma naɗin da mutane suka tashi da shi, na zagaya waya tsakanin tafin hannu da gwiwar hannu, shi ne mafi muni: yana matse ta cikin ƙaramin zagaye, yana ja da ƙarfi a daidai inda ta shiga fulogi, yana kuma tara murɗiya har siraran zaren jan ƙarfen da ke ciki su fara karyewa.

Naɗin da ake koya wa masu aikin sauti da bidiyo shi ne na sama da ƙasa. Ana riƙe bakin wayar a hannu ɗaya, a yi zagaye na farko yadda aka saba, sannan a zagaye na biyu a juya wuyan hannu ciki ta yadda wayar za ta shigo ta ƙarƙashin kanta, a ci gaba da musanya su har ƙarshe. Zagaye na farko yana sa murɗiya ta dama, na biyu yana sa ta hagu, sai su soke juna, shi ya sa za a iya riƙe baki ɗaya a jefa sauran ta miƙe sumul. Yana da tarkonsa, domin idan aka zaro bakin ta tsakiyar naɗin ta ɓangaren da bai dace ba, sai a sami jerin ƙulli daga farko har ƙarshe. Wannan na daga cikin dalilan da ya sa masu wutar lokeshan da yawa, musamman a Amurka, suke keɓe wannan naɗi ga wayoyin makirufo da na hoto, su kuma naɗe wayar wuta duk ta fuska ɗaya, bin hannun agogo, suna murza ta da yatsu a kowane zagaye domin ta kwanta. Saɓani ne da ya daɗe kuma kowane ɓangare yana da hujja. Ra'ayina shi ne abin da ya fi zaɓin muhimmanci shi ne ƙungiya ta tsaya a kan guda, domin wayar roba tana sabawa da yadda ake naɗe ta, kuma wadda yau aka yi mata wannan gobe aka yi mata wancan ita ce take gagarar kowa. Zagayen ya zama mai faɗi, kamar kamu biyu, a kuma shafa wayar da hannu yayin naɗi, domin a nan ne yatsa yake gano yanka ko kumburin da ido ya tsallake. Mai juya ganga ba ya samun wannan dama sai ya sa kansa, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ya riƙe tsumma a ɗaya hannun, wayar tana bi ta ciki tana goguwa, yana kuma jera ta daidai daga gefe zuwa gefe don kada ta taru wuri ɗaya ta cije firam.

Igiyar ɗauri takan zauna a bakin fulogi, ba a bakin soket ba, domin bakin soket shi ne yake zuwa kusa da fitila da idon kyamara. Wasu suna amfani da igiyar auduga da aka ƙulla ta dindindin, wasu kuma maɗaurin Velcro, kuma duka biyun sun fi tef, wanda yake barin danƙo yana tara ƙura.

A ƙasa kuwa ganga da waya sake duk hukuncinsu ɗaya. A bi da su gefen bango, a guji tsakiyar hanya, inda dole a ƙetare ƙofa a rufe da tabarmar roba ko gadar waya, a kan daɓe mai santsi kuma a manne da tef ɗin gafa, wanda Ross Lowell ya ƙirƙiro a 1959, mai fita ba tare da ya bar danƙo ba idan ba a bar shi ya daɗe ba. Kada wayar wuta ta yi doguwar tafiya kafaɗa da kafaɗa da wayar makirufo, domin gurnanin wuta mai bugu 50 ko 60 a daƙiƙa yana iya shiga sauti, kuma idan dole su haɗu to su gitta juna kamar alamar +. Gangar da kanta a ajiye ta nesa da mai ɗaukar sauti. Ya kamata kuma a san cewa mai gadin zafi ba ya kare mutum daga jan wuta, wannan aikin na'urar RCD ce mai yanke wuta da zarar miliamfiya 30 ta zurare daga hanyarta, kuma yawancin gangunan ba sa zuwa da ita, sai an saya daban an sa a bakin tushen wuta, musamman idan ana aiki a waje ko da janareta.

Ga mai ɗaukar hira ko bidiyon taro shi kaɗai ko da mataimaki ɗaya, wanda fitilunsa LED ne guda biyu ko uku kuma jimillar kayansa ba ta kai wat 1000 ba, wannan ganga sayayya ce mai kyau, za ta rage masa wahala kuma ba za ta yi zafin da zai dame shi ba. Ga ƙungiyar da take da fitilun tungsten ko na HMI, masu haske mai ƙarfi irin na rana, gurbinta ɗaya ne: ta kai wuta daga nesa zuwa teburin caji da allon darakta, fitilu kuma a bar su a kan wayoyinsu masu kauri. Wanda ya nace sai ya ɗora mata fitila ya nemi mai sili 2.5, wadda turjiyarta ba ta wuce om 8 a kilomita ba, ya kuma gwammace ganga biyu masu mita 25 a kan guda mai mita 50, domin a yawancin ɗakunan da ake ɗaukar fim mita 25 ta isa, warware ta duka ba ya cin wuri, kuma ta biyun tana nan idan an fita fili.